Sana'ar takardu, da abin da baƙi ke sha kafin a kira su 'yan ƙasa

Jiya da la'asar wani dattijo ya shigo ofis da baƙar leda a hammata, ya zauna ya kwance ta a kan teburina, takardu ne a ciki sun fi ashirin wasu har sun koma launin shayi saboda tsufa. Yace min Malam ni fa tun ina saurayi na zo Kano daga Damagaram, nan na yi aure nan na haifi 'ya'yana kaf, yau yarona ya je neman fasfo an dawo da shi wai sai ya kawo shaidar shi ɗan ƙasa ne, yaron da a Fagge aka yanke masa cibiya. Nace Baba sha ruwa tukuna, maganar nan ba ta tsaye ba ce. Ban tambaye shi asibitin da aka haifi yaron ba, abin da na fara tambaya shi ne uwar yaron 'yar ina ce. Yace 'yar Kazaure ce gaba da baya. Nace to Baba kwantar da hankalinka, ɗanka ɗan Najeriya ne tun ranar da ya faɗo duniya, kai ne dai da sauran tafiya a gabanka.

Sana'ata kenan, ina haɗa wa mutane fayil na takardun zama da na neman zama ɗan ƙasa, ina fassara takardun Faransanci zuwa Turanci, ina cike fom, ina kuma gaya wa mutum gaskiyar inda ya tsaya ko da ba za ta yi masa daɗi ba. Ni ba lauya ba ne kuma ban taɓa ce wa kowa ni lauya ne ba, in magana ta kai ta kotu akwai lauyoyin da nake tura mutane wajensu, amma su kansu lauyoyin sun fi son fayil ɗin da ya bi ta hannuna don sun san ba za su tarar da sunan mutum ɗaya kala uku a ciki ba.

Abin da mutane suka fi ruɗewa a kai shi ne haihuwa. Sun ji ana cewa a Amurka duk wanda aka haifa a can ya zama ɗan ƙasa sai su ɗauka haka abin yake ko'ina. To mu nan ba haka ba ne, a tsarin mulkin 1999 sashe na 25 jini ake bi, in a nan aka haife ka bayan samun 'yancin kai sai ya zama uba ko uwa ko ɗaya daga cikin kakanninka ɗan Najeriya ne, in kuma a waje aka haife ka to uba ko uwa. Ka lura da kyau nace ko uwa, don nan ne ake cutar mutane da yawa, doka ta yarda da uwa amma in yaro ya je neman takardar asali a ƙaramar hukuma tambayar farko ita ce ina garin ubanka, da ya ce Damagaram ko Maraɗi ko Tawa sai a mayar masa da fom ɗinsa. Irin wannan sai na zauna na tattaro takardar asalin uwar, da lambarta ta NIN, da takardar haihuwar yaron ta hukumar ƙidaya wadda sunan uwar ya fito a jiki, da wasiƙar mai unguwa, in jera su yadda jami'in da zai duba ba zai sha wahalar gane zaren ba. Waɗanda kuwa aka haifa a farkon shekarun 'yancin kai lissafinsu daban ne don tsarin mulkin wancan lokacin ba irin na yanzu ba ne, su kam kai tsaye wajen lauya nake miƙa su.

Wajen maigidana na koyi wannan aiki, Allah ya jiƙansa ya kai haske kabarinsa. Malamin wasiƙa ne irin na da, tebur ɗaya da benci da tafireta a gindin darbejiya kusa da kotu, ni kuma yaro ne da aka kai masa in riƙa sayo takardar kabon da kan sarki. Shekara guda cur bai bar ni na taɓa tafiretar nan ba, aikina kawai in karanta abin da ya buga da ƙarfi yana saurare, in na tsallake harafi ɗaya sai ya daki teburin da rula yace Ɗan nan sake daga farko. Lokacin haushi nake ji wallahi, ina ganin mugunta ce. Ranar da ya fara bari na buga takardar rantsuwar shekaru na rubuta sunan mutumin Usman alhali a takardarsa ta Nijar Ousmane ne, ya zare takardar daga injin ya yayyaga ta a gaban mai ita, sannan yace in biya kuɗin takardar daga aljihuna. Yace kai a kunnenka mutum ɗaya ne, a idon mai hatimi mutum biyu ne. Tun daga ranar ban ƙara rubuta suna daga bakin mutum ba sai na gani a rubuce.

Kuma fa nan ne ainihin gwanintar take, ba a latsa kwamfuta ba. Mahamadou a can Muhammadu ne a nan, Issoufou Yusufu ne, Aboubacar Abubakar, Souleymane Sulaiman, mutum ɗaya zai zo maka da takardar haihuwa da suna ɗaya, katin banki da wani, NIN da na uku wanda yaron da ya yi masa rajista ya rubuta yadda kunnensa ya jiye masa. Ga matsalar shekaru, tsofaffin takardun ƙasashen Faransa da yawa ba rana ba wata sai dai a rubuta an haife shi wajajen shekara kaza, to da ya zo nan wani ya sa masa 1 ga Janairu wani ya sa 31 ga Disamba, shi kuwa bawan Allah bai ma san an yi ba. Akwai kuma waɗanda ba a yi musu takarda lokacin haihuwa ba sai daga baya kotu a can ta yanke hukuncin da ke tsayawa a madadinta, mutanenmu na nan da yawa in sun ga hatimin kotu sai su zaci takardar shari'a ce mutumin ya yi laifi. Faransancina daga dangin mahaifiyata na Maraɗi na tsinto shi, na ƙara da karatun dare, kuma in na fassara takarda har rubutun cikin hatimi da abin da aka rubuta da biro a gefe sai na sa, don sau da yawa a gefen nan ake rubuta aure ko gyaran suna.

Maigidana yana da wani labari da ba ya gajiya da shi, na Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno wanda a 1980 aka ɗauke shi aka tsallaka da shi Chadi wai ubansa ɗan can ne, sai da kotu ta ce ɗan Najeriya ne sannan magana ta mutu. Yakan ce in an yi wa mai kujera a majalisa haka, kai mai shayi da me kake taƙama. Sannan ya kawo 1969 da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda daga Ghana, Hausawan zango da yawa suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka, da 1983 da mu ma muka kori nasu zamanin Shagari. Shi a wajensa takarda kamar laima ce, ba ranar da ake ruwa ake zuwa nemanta ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, 'yan cuwa-cuwa. Yaro ya sayi laftof da firinta ya kama rumfa shi ma ya zama mai takardu, mutum zai zo wajena in ce masa aikin nan sai an bi hanya zai ɗau lokaci, sai yace haba Malam ga wani can yace min gobe da safe in zo in karɓi takardar asali har da hatimi kuma rabin kuɗinka. Nakan ce Alhaji Allah ya ba da sa'a. Wata shida, shekara, sai ga shi ya dawo ido ya raina fata, an kama takardar ta bogi ce, ko kuma an ba shi asalin wata ƙaramar hukuma da ko sunan hakiminta bai sani ba, jami'i ya yi masa tambaya biyu ya rikice. Abin takaicin ma wani daga cikinsu yana da haƙƙinsa na gaskiya ta wajen uwa ko kaka, da ya yi haƙuri da ya samu da halaliyarsa, amma yanzu ya shiga rajista da ƙarya kuma fitar da ƙarya daga kwamfutar gwamnati ya fi shigar da ita wuya sau goma. Su ne kuma ke ce wa baƙi ai da ka yi NIN ka zama ɗan ƙasa, ƙarya ce tsagwaronta, baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida shi ma ana yi masa NIN, lambar shaida ce kawai. Mafi muni masu yi wa baƙo hanyar katin zaɓe, wannan kam ɗan ƙasa kaɗai ke da shi, in jami'an shige da fice suka same shi a aljihunka kai za ka kwana a ciki ba yaron rumfa ba.

Shi Baba mai baƙar leda hanyarsa ita ce ta sashe na 27, kuma ban ɓoye masa ba doguwa ce. Sai mutum ya yi shekara 15 yana zaune a ƙasar nan, ya zama mai halin kirki, gwamnan jihar da yake zaune ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi ya kuma saje da su, ya nuna yana da abin da zai amfani ƙasa da shi, ya yi rantsuwar biyayya, fayil ya bi ta ma'aikatar harkokin cikin gida a Abuja, shugaban ƙasa ne ke da ikon ba da takardar a ƙarshe. Sajewa kam Baba ya fi ni iya Kananci, inda gizo ke saƙar shi ne shaidar zaman, shekara arba'in da wani abu yana nan amma takardar da za ta nuna ya zauna bisa ƙa'ida babu, don shi a ganinsa daga Damagaram zuwa Kano ai ba tafiya ƙasar waje ba ce, kuma ban ga laifinsa ba, kakanninmu da ayari suke bin hanyar nan tun kafin Bature ya ja layi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta ba ɗan yankin ya shigo ba biza, bayan nan sai ka nemi katin zama, amma mutum nawa ne cikin masu gadi da 'yan ga-ruwa da masu shayi aka taɓa gaya wa haka. Ga shi kuma tun 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar, tun lokacin masu zuwa tambaya suka ƙaru, ni dai abin da nake ce musu kowa ya gyara takardunsa tun ana zaman lafiya. Cikin ledar tasa na tsinci rasit ɗin haya na shekaru da katin ƙungiyar kasuwa da takardar ɗaurin aure, na ware su gefe guda nace kar ya yar da ko ɗaya.

Ya tambaye ni ko sai ya saki Nijar in ya samu ta nan, nace a'a Baba, sashe na 28 bai tilasta wa mutum ya bar ƙasar da yake ɗanta ta haihuwa ba, ita ma Nijar tun 2014 ta yarda ɗanta ya riƙe ƙasa biyu. Sai da ya yi ajiyar zuciya.

Wani abu kuma da kullum sai na yi bayaninsa har bakina ya bushe shi ne aure. Baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya tana iya neman rajista a ƙarƙashin sashe na 26 ba sai ta jira shekara 15 ba, amma baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba shi da wannan ƙofar, akwai dai izinin zama na musamman da zai iya nema, in kuwa ɗan ƙasa yake son zama to ya bi layin kowa. Wata Hajiya mai auren wani Balarabe ɗan kasuwa ta taɓa yi min faɗa a kan wannan kamar ni na rubuta dokar, nace Hajiya ni ma a raina ban ga adalcin abin ba, amma in na ce miki akwai hanya na ci kuɗinki ne kawai. Ta fita a fusace, bayan sati biyu ta dawo da takardun 'ya'yanta huɗu, su kam nasu ba gardama.

Masu neman ragi kuwa kullum ne, mutum zai ga na buga shafi biyu yace wannan ɗin ne har nawa, bai ga awa ukun da na yi ina gwada ranar haihuwarsa a takarda shida ba. Tafiretar maigidana tana nan a kan kabad a ofis, 'ya'yansa ne suka ba ni bayan rasuwarsa, harafin e ɗinta ya maƙale amma na hana a gyara. Yara biyu nake koya wa aikin yanzu kuma su ma da karatu da ƙarfi suka fara, ɗayan har ya kai ƙarata wajen babansa.

Mai zuwa wajena dan Allah ya taho da takardu na ainihi ba hoton waya ba, har waɗanda yake ganin ba su da amfani, kuma a daina kai takarda ta ainihi a manne ta da leda a injin, hatimin da ake shafawa a ji tudunsa mutuwa yake yi. In akwai tsohuwa a gida da ta san sunan kakanni da garuruwansu a fara zama da ita a rubuto kafin a zo. Ranar Juma'a da sha biyu muke rufewa, Baba kuma nace ya dawo Litinin tare da uwar yaron.