Bargo da hita: abin da renon jarirai ya koya mini a Bronx

Wanda zai yi aiki a gidan renon yara a jihar New York sai ya sami horo kan lafiya da kariya, kuma darussa biyu aka fi nanata mana: yadda ake kwantar da jariri, da abin da za a yi idan gobara ko wata masifa ta taso. Dokar tarayya ta 2014 kan tallafin renon yara ce ta wajabta wa jihohi koyar da su. A aji an raba su kamar ba su da alaƙa, sai da na fara aikin mataimakiya a wani gidan reno da ke cikin gidan haya a Bronx, wani yanki na birnin New York, na lura cewa a lokacin hunturu tushensu ɗaya ne, wato sanyi.

Ƙa'idar barcin ba ta da tsawo. Jaririn da bai cika shekara ba ana kwantar da shi rigingine, shi kaɗai a gadonsa, a kan katifa mai tauri wadda ba ta jingine ba, babu bargo, babu matashi, babu 'yar tsana. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗi kan kwanciyar rub da ciki a 1992, aka fara gangamin wayar da kai a 1994, kuma cikin shekarun da suka biyo baya mutuwar fuju'a ta jarirai ta ragu da fiye da rabi. Duk da haka, har yanzu jarirai kusan 3,500 ke rasuwa kwatsam kowace shekara a ƙasar, akasari a cikin barci, yawancinsu ba su kai wata 6 ba. Wani bincike da aka wallafa a 2000 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu mutuwar fuju'a a hannun masu reno suka rasu, da yawa a kwanakin farko da aka fara kawo su. Haɗarin ya fi tsanani ga jaririn da ya saba kwanciya rigingine a gida, sannan wata ta kife shi domin ya daina kuka.

Wahalar aikin a wajen manya take. Iyayen da ke kawo mana yara yawancinsu 'yan Afirka ta Yamma ne, daga Gana da Nijar da Gini da Gambiya, kuma a wajenmu gadon jariri wayam alama ce ta rashin kula. Wata kaka ta taɓa kawo jikanta da bargo mai kauri da laya a wuya, na ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri, bargon zai zauna a jaka, layar kuma sai an cire ta lokacin barci saboda igiyar." Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, mu da haka muka raini iyayenku." Musu da babba ba ya kai mutum ko'ina, don haka na fi mayar da hankali kan tsoron da ke ranta. Kusan kullum tsoro biyu ne. Na farko kada tumbiɗi ya shaƙe yaron da ke kwance rigingine, alhali a wannan kwanciyar hanyar iska a sama take, ta abinci a ƙasa, don haka abin da ya taso ya fi sauƙin komawa ciki. Na biyu kada sanyi ya kama shi, kuma maganinsa rigar barci mai zip da ake sa wa jariri, wadda ba ta iya hawa ta rufe fuska.

Goyo kuwa ban yarda da masu kushe shi ba, domin ban san abin da ya kai shi lallashin jariri ba. Amma idan barci ya ɗauki yaro a baya, sauke shi nake yi zuwa gado, tunda ba na ganin fuskarsa kuma hankalina yana kan wasu yaran. Haka wanda aka kawo yana barci a kujerar mota: fitar da shi ake yi ko da zai farka, saboda kansa kan langaɓe gaba ya toshe numfashi. Irin wannan haɗarin ne ya sa a 2022 aka haramta sayar da gadajen jarirai masu jingina da matasan da ake kewaye gado da su.

A ranar 9 ga Janairun 2022 gobara ta tashi a ginin Twin Parks da ke nan Bronx, mutum 17 suka rasu, 8 daga cikinsu yara, mafi yawansu 'yan asalin Gambiya. Hitar lantarki ce ta haddasa wutar, amma hayaƙi ne ya yi kisan, saboda ƙofofin da ya kamata su rufe da kansu sun tsaya a buɗe, ya bi matakala ya cika benaye. Sanyin da ke sa uwa ta lulluɓe jariri shi ne ke sa a kunna hita. Saboda haka nake ƙidaya dokar ɗumama gidaje cikin ilimin reno: daga 1 ga Oktoba zuwa ƙarshen Mayu, wajibi ne mai gidan haya a birnin ya riƙe ɗumin ɗaki a kusan digiri 20 na Salshiyas da rana idan waje ya yi sanyi, in ya ƙi kuwa a kira 311, lambar kai ƙorafi ga hukumar birnin.

Doka ta ce a yi atisayen ficewa kowane wata, kuma ta kayyade mai reno ɗaya ga kowane yara biyu 'yan ƙasa da shekara 2. Duk wadda ta taɓa sauka matakala da jariri a kowane hannu ba za ta ce adadin ya yi tsauri ba. Jakar gaggawa tana rataye a bakin ƙofa, da madara da kunzugu da lambobin iyaye da takardar sunayen waɗanda suka zo ranar, domin a waje da ita ake ƙirga yara. Wadda ta fita ƙarshe ita ke jawo ƙofa ta rufe. Idan jariri ya daina numfashi, ana danna ƙirjinsa sau 30 a hura masa iska sau 2, kuma mai yin hakan sai ta kama sunan abokiyar aikinta ta ce ta kira 911, lambar agajin gaggawa, don kada kowace ta zaci ɗayar ta kira.

Muna sauya lokacin atisayen, wani watan ma a tsakiyar barcin rana muke yin sa, yara su farka suna kuka, yinin ya dagule. Iyaye ba sa so, ni ma ba na so, sai dai a wannan lokacin ne ficewarmu ta fi ɗaukar lokaci, shi ya sa muka matso da gadajen jarirai kusa da ƙofa muka kwashe kekunan yara daga hanya.