Digirin da ya jawo mini takardar tuhuma

Ranar Alhamis da ta wuce na miƙa makullin ofis, na sa hannu a takardar miƙa aiki, na fito daga ma'aikatar da na yi wa shekara 16. Ƙannena biyu a wurin aiki da ke shirin neman gurbin digiri na biyu a fannin gudanar da mulki sun matsa mini in rubuta musu abin da na gani. To ga shi. Sai dai ku karanta da sanin cewa zuciyata ba ta gama hucewa ba.

Na shiga karatun a 2021, ina mataki na 12. Shirin na ma'aikata ne, Juma'a bayan sallah da Asabar wuni guda. An ce mana wata 18 za mu yi, sai yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya cinye wata 8 cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kafin in kare kundina a ƙarshen 2023 an cire tallafin mai, kuɗin motar da nake biya duk mako ya ninka har ya wuce. Ajinmu kuwa kamar taron sakatariya: ga ɗan sanda, ga ma'ajin ƙaramar hukuma, ga jami'in kwastan, ga wata shugabar ma'aikatan jinya da ta fi mu duka iya muhawara. Daga bakin waɗannan na ji abubuwan da babu su a takardar darasi.

Karatun ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. A nan na fahimci cewa matakan albashi daga 1 zuwa 17 da muke ta lissafi a kansu sun samo asali ne daga rahoton kwamitin Udoji na 1974, rahoton da iyayenmu ba su riƙe komai a cikinsa ba sai ariyas ɗin da suka sayi babur da rediyo da shi. A nan na ji yadda korar ma'aikata kimanin 10,000 a 1975, zamanin Janar Murtala, ta koya wa waɗanda suka tsira cewa kujera ba ta da tabbas, kowa ya yi ta kansa. Amma wanda ya fi kama ni shi ne Fred Riggs, masanin nan ɗan Amurka da ya yi nazarin aikin gwamnati a Tailan da Filifin. Ya nuna yadda a ƙasashe irin namu doka take zaune a takarda tsaf, aiki kuma yana bin wata hanyar daban. Ranar da malami ya yi bayanin nan, duk ajin muka fashe da dariya, don kowa ofishinsa ya gani. Na koma gida ina jin kamar an cire mini yana daga ido. Daga nan girman kai ya fara shiga, ban sani ba.

Da lokacin bincike ya zo, sai na zaɓi in duba dalilin jinkirin fayil a ma'aikatarmu. Ba sai na yi nisa ba, littafin shige da ficen fayil yana nan a rajista, kuma dattijon akawun da ke riƙe da shi, wanda kowa ke kira Baba, yana ƙaunata. Bayan an tashi aiki sai in zauna a bencinsa, fankar sama tana kuka, ina kwafe ranar da fayil ya shiga kowane ofis da ranar da ya fita. Wata uku ina wannan. Abin da ya bayyana ba ya buƙatar lissafi mai zurfi: fayil ɗin hutu, na ariyas, na masu ritaya, duk suna kwana ɗaya ko biyu a hannun ƙananan jami'ai, sai su isa tebur ɗaya su kwanta makonni. Wasu su fito da haruffa uku kawai a gefe, K.I.V., wato a ajiye tukuna. Teburin na Daraktana ne.

Malamin da ke duba aikina ya karanta babi na huɗu, ya cire tabarau, ya ce, "Malam, aikin ya yi kyau. Ka sauya sunan ma'aikatar, ka cire muƙamai, kuma kada ka kai shi ofis." Na ce to. A raina kuwa ina cewa tsoron mutanen jami'a ke nan, su rubuta su jibge a kanta.

Mako biyu bayan na kare kundin, na zauna na tsamo shafi uku daga cikinsa, da jadawali, da shawarar a liƙa wa kowane fayil 'yar takarda mai nuna ranar shiga da fita, kuma kada ya wuce kwana biyar a kan tebur ba tare da an rubuta dalili ba. Na rubuta wa Babban Sakatare kai tsaye. Ban bi ta hannun Darakta ba. Shekara 14 ina aiki a lokacin, na san sarai takarda ba ta hawa sama sai ta tsani, amma na gaya wa kaina ai ba za a kai wa kura ajiyar nama ba.

Abin da duk wani masinja zai iya faɗa mini kyauta shi ne abin da ya faru. Babban Sakatare ya duba, ya rubuta layi ɗaya a ƙasa, a kai wa Darakta don jin ta bakinsa. Kafin azahar takardata tana kan teburin da na yi ƙara.

Darakta ya aiko masinja ya kira ni. Na shiga na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba, bai kuma nuna mini kujera ba. Shafuka ukun suna gabansa, ya ja layi a ƙarƙashin kowane wurin da na rubuta "wani babban jami'i".

"Malam, an ce ka zama masani."

"Ranka ya daɗe, ba haka nake nufi ba."

"Wa ya ba ka izinin kwafar littafin rajista?"

Na yi shiru. Can na ce ai akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Ya yi murmushi, ya ce ko ma dokar ta hau kan jihohi, wanda a lokacin ake ta jayayya a kansa a kotuna, ita ta mai nema ce daga waje, ni kuwa na yi rantsuwar riƙe sirri ranar da aka ɗauke ni. Sannan ya jingina da kujera. "Yaro, da na shigo aikin nan babu Babban Sakatare, Darakta Janar ake cewa, gyaran 1988 ke nan. Ina zaune kwamitin Ayida ya zo aka mayar da sunan da. Gyara iri-iri sun zo sun same ni a nan, sun tafi sun bar ni. Naka ma zai wuce. Je ka."

Washegari takardar tuhuma ta zo, awa 48 in ba da amsa: amfani da takardun gwamnati ba izini, da tsallake shugabana. Duka biyun gaskiya ne, wannan shi ya fi ci mini rai. Na rubuta amsa mai tsawo cike da hujjoji, Baba ya karanta ya yage ta a gabana. Ya ce, "Ɗana, takardar tuhuma ba jarrabawa ba ce. Layi huɗu: na yi kuskure, ban yi da mugun nufi ba, ina neman afuwa, ba zan sake ba." Haka na rubuta, hannuna yana rawa. Aka ba ni gargaɗi a rubuce, aka sa a fayil ɗina. Shi ma Baba an yi masa faɗa saboda ni, kuma har yau wannan ne abin da nake jin kunyarsa fiye da komai. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin wa zai sha duka idan abin ya fashe ba.

Da a nan ya tsaya, da na ce na girbi abin da na shuka. Amma bai tsaya ba. Fom ɗin tantance ƙwazo na shekarar ya dawo da maki mafi ƙasa da na taɓa samu. Abin dariya, a aji an koya mana cewa Udoji ne ya kawo shawarar a daina rahoton sirri, ma'aikaci ya ga abin da shugabansa ya rubuta a kansa. To na gani, na kuma sa hannu, ban san me ganin ya ƙara mini ba. Aka yi mini canjin wurin aiki zuwa ofishin shiyya, tafiyar awa uku daga iyalina, inda tebur uku ne da kabad ɗin da ba ya rufuwa. Ƙarin girma ya wuce ni, waɗanda na riga shiga aiki suka zama ogogina. Takardar neman a shigar da sabon digirina cikin fayil ɗina kuwa, kun san haruffa ukun da ta samu.

A ofishin shiyyar nan, da lokaci ya yi mini yawa, na sake karanta kundina, na ga ramin da ke cikinsa. Na ƙirga kwanaki, ban tambayi dalili ba. Baba ne ya buɗe mini wannan wata rana da na kawo masa goro. Ya ce cikin fayilolin da na lissafa, akwai waɗanda Darakta ya danne saboda an amince da biya amma babu kuɗi a ƙasa, in ya sa hannu ya ɗaure ma'aikatar da bashi. Akwai waɗanda umarni ya zo daga sama da baki, a ɗauki wane ko a biya wane, shi kuwa ba zai iya cewa a'a ba, ba zai kuma sa sunansa ba, sai ya bar fayil ɗin ya yi barci har mai umarnin ya manta ko a sauya shi. Na tambaye shi, to na masu ritaya fa, tsofaffin da ke zaman benci tun safe? Baba ya ɓare goro, ya ce waɗannan kuma ba su zo gaisuwa ba ne.

Wato mutum ɗaya, tebur ɗaya, haruffa uku iri ɗaya, wani lokacin garkuwa ce, wani lokacin tarko. Jadawalina ya zuba su a kwando guda. Da na je wurin Darakta tun farko na ce, ranka ya daɗe, ga abin da nake bincike, ka haska mini, wataƙila da ya gaya mini rabin gaskiya, kuma rabin nan ya fi abin da na samu. Wataƙila kuma da ya hana ni binciken gaba ɗaya. Na fi zaton na biyun, in dai mutumin da na sani ne. Ina faɗin kuskurena ne, ban ce ya yi mini adalci ba. Hukuncin tsallake shugaba gargaɗi ne, kuma na karɓa. Sauran duk huce haushi ne, kuma ya sani.

Sauran abubuwan gajeru ne. Ku nemi izinin karatu a rubuce kafin ku biya ko sisi, in ba haka ba digirin ba zai shiga fayil ba. Kada ku yi bincike a kan ofishin da kuke karɓar albashi, ku je ma'aikatar maƙwabta. Darasin kasafin kuɗi da na dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 su ne za su yi muku amfani ranar Litinin, kada ku yi barci a cikinsu kamar yadda rabin ajinmu suka yi. Darasin shugabanci kuwa yana da daɗin ji, amma duk misalansa na mai riƙe da sitiyari ne, ku kuwa yaran mota ne tukuna. Ku riƙe lambobin 'yan ajinku. Ma'ajin nan na ƙaramar hukuma shi ya nuna mini tallar aikin koyarwar da zan fara wata mai zuwa. Kuma ku gaida mutanen rajista.

Da na je sakatariya karɓar takardar sallama, masinja ya kawo fayil ɗina, sai na ga wata 'yar koriyar takarda liƙe a bangonsa: ranar shiga, ranar fita, da gurbin rubuta dalili idan ya wuce kwana biyar. Na tambaya, aka ce sabon tsari ne, Darakta ya kawo shi a taron shugabanni 'yan watanni kafin ya yi ritaya, har an yaba masa a jawabin bankwana. Na duba tawa takardar. Fayil ɗin ya kwana 19 a ofis ɗaya, gurbin dalili kuma babu komai a ciki.