Iskar da ke sama ba ita ce a ƙasa ba

Shekara takwas ke nan ina ɗaukar hoto da bidiyo daga sama da jirgi maras matuƙi, kuma a duk tsawon lokacin nan sau ɗaya jirgi ya taɓa ɓace mini, shi ma na samo shi kafin faɗuwar rana. Da alfahari nake faɗin haka, don na san waɗanda suka zubar da uku a shekara guda. Aikinmu gonaki ne da filaye da gine-ginen da ake kan yi, sai taruka, wani lokaci kuma a kira mu duba rufin da ba mai iya hawa. Mu uku ne, ni da yara biyu da na koya wa aikin. Bishiya da wayar lantarki suna cin nasu jiragen, amma su ana ganinsu da ido. Iska kuwa sai ta riga ta kama jirginka sannan za ka san da ita.

Ubangidana da na koyi aiki a hannunsa ba ya buɗe akwatin jirgi sai ya yi kusan minti goma yana kallon sama. A lokacin haushi yake ba ni, ina ganin ɓata lokaci ne. Zai tsinko busasshiyar ciyawa ya saki ya ga inda ta faɗi, ya ɗaga kai ya dubi ƙololuwar bishiya mafi tsawo a wurin, sannan ya nemi tsuntsu. In ya ga shirwa ta tsaya cak a sama tana fuskantar gefe guda ba ta ko kaɗa fiffike, sai ya ce, "Ka ga waccan? Iska ce ke riƙe da ita. Abin da ke riƙe ta shi zai tafi da naka." Da Phantom 4 muke aiki a lokacin, wanda ya fito a 2016, jirgi mai nauyi da ƙarfi, amma duk da haka akwai ranakun da ya mayar da shi akwati ba tare da ya ɗaura farfela ko ɗaya ba.

Daga baya na gane abin da yake yi da ido yana da ma'auni a rubuce. Wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, ya tsara matakan ƙarfin iska tun 1805, kuma har yau da su kamfanonin jirage ke faɗin ƙarfin kayansu. A mataki na 4 ƙura da takardu suna tashi, ƙananan rassa na motsi. A mataki na 5 ƙananan bishiyoyi ne ke rangaji gaba ɗayansu, iskar tana tsakanin mita 8 zuwa 10.7 a daƙiƙa. A mataki na 6 manyan rassa na kaɗawa, wayoyin lantarki na yin fito, lema ba ta riƙuwa. Ƙaramin jirgi irin DJI Mini 2, mai nauyin giram 249, iyakarsa mataki na 5 ne, wato wajen kilomita 38 a awa. Mavic 3 da ya fi shi girma mita 12 a daƙiƙa aka rubuta masa. Iyakar iskar nan tana cikin takardar da ke zuwa da jirgin, takardar da yawancin mutane ke jefarwa tare da kwali.

Abin da takardar ba za ta nuna maka ba shi ne iskar da ke shafar fuskarka a ƙasa ba ita jirgi zai tarar ba. A ƙasa gidaje da bishiyoyi da tuddai suna tare ta suna rage mata gudu. A mita 100 ba abin da ke tare ta. Sau da yawa ina auna mita 5 a daƙiƙa da ɗan awon iskar da nake riƙewa a hannu, manhajar hasashe ta nuna mini ninkinsa a sama. Shi ya sa ba na duba hasashen ƙasa kawai. A manhajojin hasashe irin UAV Forecast ko Windy ana iya zaɓar tsayi, ni kuwa tsayin da zan yi aiki nake dubawa, har zuwa mita 120 da ƙasashe da yawa suka sa a matsayin iyaka. Kuma lambar da ta dame ni ita ce ta bugun iskar da ke zuwa bagatatan, don shi ya fi matsakaicin gudunta ƙarfi. Bayan dogon gini ko tsauni iska takan murɗe ta yi ƙasa, tsakanin gini biyu kuma takan matsu ta ƙara gudu kamar ruwa a bakin tiyo.

To ranar da abin ya same ni, duk na san wannan. Sani bai hana ni ba.

Wani mai gona ne ya kira mu, yana son bidiyon iyakar gonarsa daga farko har ƙarshe. Babban jirgin yana wajen gyara, sai na zo da ƙaramin. Da muka isa na ga saman bishiyoyi na rangaji, na ce masa, "Ranka ya daɗe, mu bari sai gobe da sassafe, iska takan kwanta." Ya ce gobe zai yi tafiya, kuma ai wani yaro ya ce zai yi masa a rabin abin da na faɗa, iska ko ba iska. Wannan maganar ce ta ci ni. Na tashi jirgin, kuma na yi kuskuren da nake yi wa yarana faɗa a kansa: na bi iska wajen fita. Jirgi ya tafi sumul kamar ana tura shi, hoto ya yi kyau, mai gona na leƙen allon wayata yana murmushi. Da na kai wajen mita 900 na juyo, sai gargaɗin iska mai ƙarfi ya fito. Na danna maɓallin komawa gida na saki hannu, ina jira lambar nisa ta fara raguwa. Ta tsaya. Daga nan ta fara hawa.

Lissafin ba wuya. In jirgi na ƙoƙarin zuwa wurinka da gudun mita 10 a daƙiƙa, iska na tura shi da 13, to baya yake yi da mita 3 kowace daƙiƙa, hancinsa na kallonka yana nisa. Cikin minti biyar ya ƙara mita 900. Kuma duk wannan lokacin injinansa huɗu na aiki iya ƙarfinsu, batir na zuba kamar an huda shi. Komawa gida da kansa ba ya amfani da cikakken gudun jirgin, kuma in ka saita masa tsayi mai yawa, hawa zai yi ya kai kansa inda iskar ta fi muni. Na ɓata kusan minti biyu ina kallon allo, iska na wahalar da mai kayan kara, kafin yarona ya taɓa ni ya ce, "Oga, ka sauko da shi ƙasa mana."

Abin da ya kamata na yi tun daƙiƙar farko ke nan. A soke komawa gida, a karɓi tuƙi da hannu, a mayar da maɓallin rimot kan harafin S inda jirgin ke ba da duk gudunsa (Mini 2 yana kai mita 16 a daƙiƙa a nan, a N, wato tuƙin yau da kullum, kuwa 10), sannan a sauko ƙasa gwargwadon yadda bishiyoyi suka bari. Sai dai a S jiragen da ke da na'urar kauce wa cikas suna kashe ta, don haka idonka ne kaɗai. Na sauko daga mita 110 zuwa 40, lambar nisa ta fara raguwa, amma batir ya riga ya kai inda na san ba zai kawo shi ba. A nan mutane da yawa ke asarar jirgi, suna ta ja har ya mutu a kan ruwa ko tsakiyar kurmi. Ni na haƙura da dawowarsa. Na juya kyamara ƙasa ina neman fili, na hango wani sarari kusa da wata hanyar ƙafa, na ɗauki hoton allon, na fara saukar da shi. Yana wajen mita 25 sadarwa ta yanke, don tudu ya shiga tsakaninmu.

Mai gona ya ce, "Shi ke nan ya tafi?" Na ce a'a, ya dai sauka inda ba mu gani.

Neman jirgi aiki ne na natsuwa, kuma rabinsa a waya yake. Ban kashe rimot ba, ban rufe manhaja ba. A cikinta akwai sashen neman jirgi da ke nuna wuri na ƙarshe da ya aiko a taswira, da lambobin wurin, na kwafe su. Na buɗe tarihin tashin na ga tsayinsa da gefen da iska ke jansa a daƙiƙun ƙarshe. Sannan na kalli ɗan bidiyon da waya ke ajiyewa da kanta, wanda ba shi da kyan na katin cikin jirgi amma yana nuna abin da kyamara ta gani: hanyar ƙafa, wani dutse mai tsaga, da bishiya biyu da suka haɗa kai. Wurin da taswira ta nuna mafari ne kawai. Jirgin da ke saukowa da mita 3 a daƙiƙa daga mita 25 yana da kusan daƙiƙa takwas a sama, kuma iska ba ta daina turawa don sadarwa ta yanke ba. Saboda haka daga alamar sai a bi gefen da iska ta nufa.

Muka tafi da rimot a kunne, eriyarsa na fuskantar gaba. In batir bai mutu ba, kana matsowa sadarwa takan dawo, a nan za ka iya sa shi ya yi ƙara yana walƙiya. Namu ya dawo na ɗan lokaci, muka ji ƙararsa siririya sau kaɗan, ya yi shiru. Wurin ba gonar mai aikinmu ba ce, sai da muka nemi mai ita muka gaya masa abin da ya kawo mu, shi ma ya biyo mu. Muka jeru, tsakanin kowa da kowa taku biyar, muna tafiya a hankali. Jirgi mai launin toka a cikin busasshiyar ciyawa ba ya ganuwa ko kana tsaye a kansa, na wuce shi sau biyu. Ƙaramin yarona ne ya gan shi, a karkace a jikin wani ɗan kurmi, taku talatin gaba da alamar taswira, farfela biyu sun tsage, tururuwa har ta fara hawa ƙafarsa. Kyamara ko ƙwarzane babu.

Kafin murna batir na fara cirewa na duba. Batirin litiyam da ya bugu ko ya kumbura yana iya kama wuta daga baya, ba a sa shi caji, ba a ajiye shi a mota. Da a ruwa ya faɗa, ba a kunna shi don a gwada, a cire batir, a ɗauraye jirgin da ruwa mai tsafta in ruwan gishiri ne ko na laka, a bar shi ya bushe sosai.

Tun daga ranar na canza abubuwa da yawa. Kowane jirgi nawa yana da lambar waya a jikinsa da leda mai ƙyalli ruwan lemo a bayansa. Ba ya tashi sai ya kama taurarin ɗan adam isassu ya tabbatar da wurin dawowa, don jirgin da ya rasa su ba ya iya tsayawa wuri guda, duk inda iska ta yi nan zai bi. In ya tashi nakan kai shi tsayin aiki a kaina, in saki sandunan rimot in ga yadda yake karkata, in gwada tafiya cikin iska in ga gudun da yake samu. In iskar ta haura kashi biyu cikin uku na iyakar gudunsa, sauka zai yi. Fita kullum muna fuskantar iska da cikakken batir, dawowa ita ke turo mu. In ya zama dole a bi ta, ni ke tashi in koma can ƙarshen filin in fara daga can.

Abin da ya fi ci mini rai har yanzu shi ne masu sayen jirgi jiya, yau sun buga kati sun zama ƙwararru. Su ke karya farashi, su ke tashi a kan taron jama'a ana iska, in jirgi ya faɗo a kan mutane kuma sunan sana'ar gaba ɗaya ke ɓaci. Ga jabun kaya. Wani dillali ya taɓa kawo mini farfela a cikin leda mai kama da ta asali, na lanƙwasa ɗaya da yatsa na ji ta yi laushi kamar murfin roba. A rana mai lafiya za ta tashi, ba za ka ga bambanci ba, sai ranar da inji ya nemi duk ƙarfinsa ta lanƙwashe ta kasa kama iska. Batirin jabu ma haka, yana nuna maka kashi 40, ka matsa masa ya faɗo ƙasa warwas. Na mayar masa da kayansa, ya ce na cika tsada da tsirfa. Ni ko batirin asali in ya fara kumburi ko ya tsufa, na gwajin yara yake komawa, a fili, kusa da ƙasa.

Abokan ciniki kuma kullum maganarsu ɗaya ce: minti biyar kawai. Yanzu tun wajen ciniki nake faɗa cewa ranar aiki iska ce ke da magana ta ƙarshe, in ta hana mu za mu dawo ba ƙarin komai. Wasu suna jin haushi su tafi wajen mai araha. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, ni dai haka na ɗauka. Mai gonar nan kansa mun koma masa bayan ya dawo daga tafiya, da sassafe, ko ganye ba ya motsi. Muka zagaye iyakar gonar a batir ɗaya, inuwar bishiyoyi ta miƙe doguwa a kan kunyoyi, hoton ya fito kamar an zana. Da ya gani sai ya tambaye ni ko wannan jirgin da ya ɓace ne. Na ce shi ne, farfela kawai muka canza.