Sabbin Gidaje a Bakin Tsohon Titi

Duk inda aka gina rukunin sabbin gidaje a gefen gari, akwai abin da kan biyo baya wanda da wuya ya saɓa. Hanyar da a da motoci ke bi jefi-jefi, sai a wayi gari ta zama ita kaɗai ce ɗaruruwan iyalai ke bi safe da yamma, alhali faɗinta bai ƙaru ba, ba a yi mata gefen da masu tafiya a ƙasa za su bi ba, kuma babu fitila ko ɗaya a kanta. Daga nan sai koke-koke su fara kwarara zuwa ofishin ƙaramar hukuma, a yi alkawari, a kafa kwamiti, a ce a jira kasafin kuɗin baɗi. Na daɗe ina lura da wannan lamari, kuma abin da na fahimta shi ne yawancin ƙananan hukumomi ba a ranar koke suke gazawa ba. Tun ranar da suka sa hannu a takardar izinin gini ba tare da sun gindaya sharaɗi a kan titi ba suka saki ragamar.

Dalilin a fili yake. Kafin a ba da izini, kamfanin da ke son gina gidajen shi ne mai nema, kuma kusan duk wani sharaɗi mai ma'ana da aka gindaya masa zai karɓa, domin kuɗin gyaran mararraba guda ko shimfiɗa hanyar masu tafiya a ƙasa ba wani abu ba ne idan aka kwatanta da ribar da yake hange. Da zarar an sayar da gidajen an miƙa makullai, kamfanin ya kwashe kayan aikinsa ya yi gaba, sai nauyin gaba ɗaya ya dawo kan baitulmalin jama'a, wanda dama buƙatu sun yi masa yawa. Wanda ya ci ribar ƙarin jama'a a unguwar ya tafi, wanda bai ci ba aka bari da biyan kuɗin.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka, har suka mayar da shi doka. A Ingila, sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990 ya ba hukumar yanki damar ƙulla yarjejeniya da mai gini, ta yadda zai biya kuɗin abubuwan da gininsa zai jawo buƙatarsu, ciki har da tituna da makarantu. Sashe na 278 na dokar manyan hanyoyi ta 1980 kuma ya tanadi yadda mai gini zai ɗauki nauyin aikin da za a yi a kan titin gwamnati da ke gaban filinsa. Amma abin da ya fi burge ni shi ne wani nau'in sharaɗi da ake kira sharaɗin Grampian, wanda ya samo sunansa daga wata shari'a da aka yanke hukuncinta a 1984 a kan wani fili da ke kusa da birnin Aberdeen na Sikotlan. Hukuncin ya tabbatar da cewa hukuma tana iya ba da izini, amma ta ce ba za a fara gini ba sai an kammala wani abu a wajen filin, ko da abin ba a hannun mai ginin yake ba. A yau hukumomi kan yi amfani da irin wannan sharaɗi su ce ba wanda zai tare a gidan farko, ko kuma ba za a wuce wani adadi na gidaje ba, sai an gama mararrabar da aka yi alkawari. Hikimar da ke ciki ita ce an ɗaure gyaran titi da abin da kamfanin ya fi so a duniya, wato ranar da zai fara karɓar kuɗi daga masu saye.

Ba ina cewa tsarin Ingila ba shi da aibi ba ne, domin can ma akan yi ta jayayya a kan yarjejeniyoyin da kamfanoni ke komawa su nemi a sassauta musu, da kuma titunan cikin rukunin gidaje da hukuma ba ta karɓa ba, har mazauna su ci gaba da biyan kuɗin kula da su daga aljihunsu. Sai dai ko banza akwai takarda a rubuce da za a iya ɗagawa a gaban alƙali.

Matsala ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko haɗari domin ba a cika ganin ta ba, ita ce abin da hukuma ke nufi idan ta ce ta gyara titi. Galibi abin da ake yi shi ne a faɗaɗa hanya, a miƙe lanƙwasarta, a malala mata sabuwar kwalta, a zo a yanke ƙyalle a ɗauki hoto. Duk direba ya san abin da ƙafarsa ke yi idan ya samu titi mai faɗi, miƙaƙƙe, sumul. Ramukan da a da ake tsinewa su ne suke tilasta wa motoci tafiya a hankali, kuma da aka cike su ba tare da an kawo wani abu a madadinsu ba, sai gudu ya ƙaru a daidai wurin da yara suka ƙaru. Ta haka ne aikin da aka kashe wa maƙudan kuɗi da sunan ci gaba yake iya zama sanadin asarar rayuka fiye da lokacin da hanyar take a lalace.

Lissafin gudu ba ya buƙatar dogon karatu. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a cikin daƙiƙa guda, wadda ke tafiyar kilomita 30 kuma tana cin mita 8 da 'yan kai. Idan yaro ya faɗo titi, kuma direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarsa ta kai ga birki, mai tafiyar 30 zai iya tsayawa cak a cikin kimanin mita 13 a kan busasshiyar kwalta. A daidai wannan tazara, mai tafiyar 50 ko birkin bai kai ga takawa ba, saboda haka da cikakken gudunsa zai iske yaron. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin hatsari mai kisa da kimanin kashi huɗu cikin ɗari. Rahoton da ta fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Sabon rukunin gidaje kuwa, a bisa al'ada, matasan ma'aurata masu ƙananan yara ne suka fi cika shi.

Wannan ne ya sa sanarwar da aka fitar a taron ministocin ƙasashen duniya a kan kiyaye haɗurran hanya da aka yi a birnin Stockholm na Suwidin a watan Fabrairun 2020 ta yi kira da a mayar da kilomita 30 a awa iyakar gudu a duk inda motoci da mutane ke cakuɗuwa. Birnin Graz na Ostiriya yana sahun farko, domin tun 1992 ya sanya wannan iyaka a titunan unguwanninsa, Sifaniya ta mayar da ita doka a yawancin titunan cikin garuruwanta a 2021, birnin Faris ma ya bi sahu a shekarar. Sai dai allon da aka rubuta wa lamba 30 aka kafa a bakin titi mai faɗin filin ƙwallo ba ya hana kowa gudu, kuma babu hukumar da ke da isassun jami'an da za ta girke a kowace kwana dare da rana. Siffar titin ce ke riƙe direba: a matse bakin mararraba yadda dole mota ta rage gudu kafin ta karya kwana, a ɗaga wurin tsallakawa ya yi tudu daidai da gefen titi, a yi ɗan tsibiri a tsakiya inda mai tsallakawa zai tsaya ya fuskanci hannu ɗaya kafin ɗayan, a yi ƙaramin shataletale a inda a da motoci ke shiga juna kai tsaye. Mutanen Holan sun koyi wannan da tsada. A 1971 sama da mutum 3,000 suka mutu a titunansu, fiye da 400 daga ciki yara ne, abin da ya sa iyaye suka fito zanga-zanga, kuma daga nan ne aka fara sake fasalin titunan unguwanni ta yadda mota ce baƙuwa a cikinsu. Majalisar dokokin Suwidin ta ƙara gaba a 1997, inda ta amince da manufar da ta ɗora alhakin mutuwa a hanya a kan masu tsara hanyar tare da masu bin ta, bisa hujjar cewa ɗan Adam ajizi ne, dole wata rana zai yi kuskure, kuma bai kamata sakamakon ƙaramin kuskure ya zama kabari ba.

Wanda yake son ya san inda ya kamata a yi wurin tsallakawa, ba sai ya buɗe taswira ba. Ya je ƙofar rukunin gidajen da misalin ƙarfe bakwai na safe ya tsaya. Zai ga tashar da ake hawa mota tana ɗaya gefen titin, daidai saitin ƙofar, alhali farin zanen tsallakawa yana can nesa inda injiniya ya ga ya fi masa sauƙi. Zai ga uwa riƙe da yaro a hannu ɗaya, jakar makarantarsa a ɗayan, ta sa ƙafa a kwalta ta janye, ta sake sawa ta janye, tana jiran tazara tsakanin tifa da ƙaramar mota. Idan ya dubi ciyawar da ke tsakiyar titin, zai ga wata siririyar hanya da tafin ƙafa ya share har ƙasa ta fito, kuma wannan layin ƙasar ya fi kowane rahoton ƙwararru faɗin gaskiya a kan inda mutane ke tsallakawa. Hukumomi da yawa idan sun ga haka sai su kafa shingen ƙarfe, ko su gina gadar sama mai matakala da yawa wadda tsoho da mai juna biyu da mai keken guragu ba za su iya hawa ba, sannan idan aka kaɗe wani a ƙarƙashinta a ce laifinsa ne.

Akwai kuma lokacin ginin kansa, wanda kan ɗauki shekaru, gidajen farko sun cika da mutane alhali manyan motocin yashi da siminti suna ci gaba da bi ta ƙofarsu. Sharaɗi mai layi biyu a takardar izini, wanda ya ware wa manyan motoci hanyarsu ya kuma hana su zirga-zirga a lokacin tafiya makaranta da tasowa, ya isa ya magance wannan.

Uzurin da aka fi ji daga bakin jami'ai shi ne titin ba nasu ba ne. Sau da yawa gaskiya suka faɗa, domin a ƙasashe da dama hukumar da ke ba da izinin gini daban take da wadda ke da babban titin da gidajen za su fito kansa. A Ingila akwai yankunan da majalisar gunduma ke ba da izini, majalisar lardi kuma ke riƙe da hanyoyi. A Najeriya, Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina tituna da fitilunsu da magudanan ruwa da kula da su, amma manyan hanyoyi na jiha ne ko na tarayya. Haɗarin kuwa yakan taru ne a daidai inda ƙaramin titi ya haɗu da babba, wato inda ikon wannan ya ƙare na wancan ya fara. Duk da haka ban karɓi wannan uzuri gaba ɗayansa ba. Ƙaramar hukuma ita ce ta fi kowa kusa da wurin, kansilanta ya san sunan unguwar da mutanen cikinta, kuma ko ba ta da ikon taɓa babban titin, tana da ikon rubuta wa mai shi takarda tun kafin a aza tubali, ta bayyana ƙin amincewarta a rubuce, ta kuma sanar da jama'a amsar da aka ba ta.

Mazauna ma suna da abin yi, kodayake akwai wata tangarɗa da ba a cika ambata ba: a lokacin da ake yanke shawara, waɗanda za su zauna a gidajen ba su zo ba tukuna, ba su ma san za su zauna a wurin ba. Masu halartar zaman jin ra'ayi, in ma an yi shi, tsofaffin maƙwabta ne, kuma abin da ya fi damun yawancinsu shi ne cunkoso, don haka buƙatarsu takan ƙare a kan a ƙara faɗin hanya. Ƙarin faɗi kuwa ba ya daɗewa yana maganin cunkoso, kamar yadda aka gani a babbar hanyar Katy ta birnin Houston a Amurka, wadda aka kammala faɗaɗa ta a 2008 har ta shiga sahun mafiya faɗi a duniya, amma bayan 'yan shekaru cunkoson ya dawo. Saboda haka tambayoyin da suka fi amfani a irin wannan zama su ne a wane mataki na ginin za a kammala mararrabar, wane ne zai biya, ko kamfanin ya ajiye kuɗin jingina da hukuma za ta yi aikin da su idan ya gudu ko ya karye, da kuma wace hanya yaro zai bi da ƙafa daga gida mafi nisa zuwa makaranta mafi kusa.

Bayan an kammala aiki, abin da ya rage shi ne a koma a auna. Na'urar ƙidayar motoci da auna gudunsu ba ta da tsada, kuma mako guda da ita a bakin titi, sau ɗaya kafin aikin sau ɗaya bayan shekara, zai nuna ko gudu ya ragu ko ya ƙaru. Hukumomi da yawa suna jira ne sai alƙaluman 'yan sanda sun nuna an yi asarar rai a wuri kafin su sanya shi cikin jerin wuraren da za a gyara, alhali waɗannan alƙaluma ba sa ɗauke da motar da ta ja birki da ƙyar, ko yaron da iyayensa suka daina bari ya tafi makaranta da ƙafa saboda tsoro. Farin zanen tsallakawa kan goge cikin 'yan shekaru, ƙwan fitila kan mutu, magudanar ruwa kan toshe har ruwa ya kori masu tafiya a ƙasa zuwa tsakiyar kwalta, don haka ya kamata yarjejeniyar da aka ƙulla da kamfanin tun farko ta fayyace ranar da hukuma za ta karɓi titin a hannunsa, da kuma kuɗin kula da shi na shekarun farko.