Tarihin Rayuwata (Kashi na 9): Zanen Gadon Auta

Makon jiya na yi alkawarin yau zan ba ku labarin komawata makaranta bayan haihuwar fari. Ku yi mini haƙuri, ba zan iya ba. Shekaranjiya ina neman almakashi na buɗe gwangwanin Goggo, sai ga guntuwar saƙa guda ɗaya mai kusurwa huɗu, wadda ta ragu daga zanen gadon Auta. Tun daga lokacin zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya. Gara in amayar da maganar nan in huta, makaranta ba inda za ta.

Kun dai san Goggo, Allah ya jiƙanta, na ba ku labarinta a kashi na uku. Abin da ban gaya muku ba shi ne halinta in an miƙa mata aikin hannu. Ba ta taɓa fara kallon fuskar aiki ba. Sai ta karɓa ta kife shi a cinya, ta bi bayan da ɗan yatsa kamar mai neman ƙaya, sannan ta ce, "Fuska ta 'yan kallo ce, baya shi ne naki."

Ina shekara 11 na fara jin maganar nan. Rigar filo ce na yi wa surfani, furanni uku jajaye da ganye, na kwana biyar a kai, na kawo mata ina washe baki. Ta kife. Bayan nan kuwa kamar sheƙar tsuntsu, ƙulli a nan, ƙulli a can, zare ya tsallaka daga fure zuwa fure. Ta miƙo mini allura ta ce, "Ke 'yar nan, warware." Na yi kuka har da majina. A ranar ta koya mini cewa zaren surfani sili shida ne a murɗe, ana zare sili biyu ne a yi aiki da su, kuma kada tsawonsa ya wuce daga yatsa zuwa gwiwar hannu, in ya wuce sai ya riƙa sarƙewa yana tsufa tun kafin ya shiga ƙyalle. Ƙulli kuwa ta ce aikin malalaciya ne. Wutsiyar zare cusa ta ake yi ƙarƙashin ɗinki uku ko huɗu, ta kwanta lum, ko wanki ɗari aka yi ba za ta fito ba. Har yanzu akwai ragowar zarenta a gwangwanin, na DMC ɗan Faransa, da 'yar takardarsa mai lamba 321, jan nan da take so.

Abin da ya faru tsakanin wannan rigar filo da auren Auta ba shi ne a gabana yau ba. Na yi aure, na haihu biyu, hannuna ya faɗa a kwarashi fiye da allura.

Da aka sa ranar Auta, kowa a gidan ya shiga lissafin abin da zai ba ta. Ni na san ba zan iya gasa da su Yaya Babba ba, ban ma gwada ba. Na ce zan saƙa mata zanen gado, wanda za ta tsufa da shi. Na zaɓi zaren auduga mai lamba 10, mai ruwan madara, da shuɗi kaɗan na tsakiyar fure, da kwarashi mai milimita 1.5, siriri kamar tsinken sakace. Wanda bai san zaren kwarashi ba sai ya ɗauka babbar lamba ita ce kauri, alhali akasin haka ne, lamba 30 ta fi lamba 10 siranta nesa. Kowace guntuwa santimita 10 ce ta kowane gefe. Jere 22, kowane jere guntu 20, ya kama guntu 440 ke nan. In yara sun yi barci ina yin biyu a dare, in rana ta yi kyau uku. Yatsana na tsakiya ya yi kanta, manuniyar hagu kuwa zare ya yi mata layi kamar an yanka.

Kuskuren da na yi, kuma nawa ne ban ɗora wa kowa ba, ban sayi zaren gaba ɗaya ba. Na wuce guntu 300 zare ya ƙare, na sayo wani, kamfani ɗaya, lambar launi ɗaya. Ashe ban da lambar launi akwai wata 'yar lamba a jikin takardar, ta tukunyar rinin da aka tsoma zaren. In tukunya ta bambanta, launi sai ya ɗan sha bamban ko da sunansa ɗaya. Da yake da dare nake aiki, a hasken fitila ban ga komai ba. Sai da na haɗa jere uku na sabon zaren, na fito da shi tsakar rana zan nuna wa Goggo, na ga ƙasan ya fi saman duhu, kamar an jiƙa gefe ɗaya. Saura mako bakwai biki. Na zauna daɓas a ƙasa.

Goggo ta karɓa, ta kife shi kamar kullum. Ta daɗe tana bin bayan da yatsa. Ban taɓa jin ta yabi aikina ba sai ranar, kuma yabon bai wuce "To, baya dai ya yi" ba. Sannan ta ce, "Farke haɗin duka. Ki watsa masu duhun cikin masu hasken, nan ɗaya can ɗaya, kada biyu su haɗa kafaɗa. Wanda ya gani zai ce da gangan kika yi." Kwana tara muka yi muna farkewa, ita da idonta da ya fara rauni. Muka shimfiɗa guntayen a ƙasa muna jerawa muna ja da baya muna dubawa. Wallahi da aka gama sai ya fi yadda na tsara shi da farko kyau, launin yana wasa kamar inuwar ganye a bango.

Sai wutsiyoyi. Kowace guntuwa launi biyu ce, wato wutsiya huɗu. Ku lissafa da kanku, 1,760, ban da na haɗi. Akwai daren da na ɗauki almakashi na ce bari in ƙulla in datse kawai, wa zai sani? Sai na ji kamar tana tsaye a kaina: baya shi ne naki. Na ajiye almakashin, na zura allura. Ɗaya bayan ɗaya na cusa su. Da na gama na wanke shi da ruwan sanyi, na shimfiɗa a kan tawul, na ja kusurwoyin na kafe su da fil har ya bushe a miƙe, na sa masa geza a gefe uku. A kusurwar baya na ɗinka farkon harafin sunanta da nawa da jan zaren Goggo, ƙanana, sai wanda ya nema zai gani.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci shekaranjiya.

Ranar da aka shimfiɗa shi a gadon amarya, mata suka yi ta shafawa suna tambayar wa ya yi. Ina bakin ƙofa, da goyo a bayana, na ji matar Yaya Babba da kunnena ta ce, "Wa ya ga ta yi? Ai saye ta yi, irinsu na inji ne, suna nan birjik." Aka yi dariya, wata ta ce dama ta yi mamaki. Ban ce uffan ba. Wata takwas na barcina, mace ta share shi da jimla ɗaya tana gyara ɗankwali. Ita da ko maɓalli ya cire a rigar mijinta sai ta aiko mini.

Da a ce na san abin da na sani yanzu, da na ba ta amsa a wurin. 'Yata ce ta karanto mini a waya shekarun baya, cewa saƙar tsinke biyu tuni inji ya iya ta, shi ke yin rigunan sanyi da safa, amma saƙar kwarashi ta ainihi har gobe hannu ke yin ta, na masana'anta kwaikwayo ne kawai. Ashe ko da sayen na yi, wata baiwar Allah ce ta zauna ta yi shi ido bayan ido. 'Yar tawa ce kuma ta gaya mini cewa lokacin yunwar da ta afka wa ƙasar Ailan daga 1845, da saƙar leshin kwarashi mata da yawa suka ciyar da gidajensu. Har Sarauniya Biktoriya ta Ingila, da tsufanta a 1900, ta saƙa mayafan wuya guda takwas da hannunta aka ba sojojin da suka yi jarumta a yaƙin Afirka ta Kudu. Na ce a kai wa matar Yaya wannan labari, tunda ta taɓa cewa saƙa aikin wadda ba ta da abin yi ne. Wannan ma wata rana ce daban, a gaban baƙi, ban manta ba.

Goggo ba ta ji maganar a wurin ba, ni na kai mata ina hawaye. Ta ce, "Ta juya bayan?" Na ce a'a. Ta ce, "To me ya dame ki da wadda ba ta juya ba?" A lokacin haushi na ji, ina so ta tashi ta je ta wanke ni a gaban mutane. Ba ta je ba. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara tayar da zancen ba, kuma in faɗa muku gaskiya, wannan shirun nata yana cikin abubuwan da har yau ban gama yafe mata ba, duk da irin son da nake mata.

Ita kuma Auta nata salon daban. Bayan shekara tara na je gidanta ta haihu, ina neman zanen jariri a akwati, sai ga zanen gadona a ƙasa can, an naɗe shi cikin leda an ɗaure tam. Na buɗe, warin fumfuna ya buge ni, ɗigo-ɗigo baƙi a wurin lanƙwasa. Na ce, "Auta, me na yi miki?" Ta ce, "Yaya, wallahi tsoro nake kada yara su lalata shi." Kun ji fa. Leda tana riƙe danshi, auduga kuwa tana son iska. In za a ajiye irin wannan, a wanke shi ya bushe sarai, kada a sa sitati don ƙwari na bin sa, a naɗe cikin tsohon farin zane na auduga, a riƙa fito da shi ana sauya wurin lanƙwasa. Na tafi da shi gida, na jiƙa, na wanke a hankali sau uku, na shanya a inuwa. Yawancin tabon ya fita, guntu shida suka ƙi, na farke su na saƙa sababbi. Ko wutsiya ɗaya ba ta zame ba a duk wankin nan, ko ɗaya. Na mayar mata na ce in na sake ganin sa a leda zan ƙwace. Yanzu yana kan gadonta, ɗanta na uku ma ya huda gefe ɗaya da yatsa, na ce a bar shi haka.

Abin da ya sa guntuwar nan ta gwangwani ta tsaya mini a rai, watan jiya aka sa ranar babbar 'yar Yaya. Uwar ta kira ni da kanta, murya kamar zuma, wai "Antinsu, ko za a yi wa ɗiyar taki irin zanen gadon nan na Auta? Kin san hannunki daban ne." Na ce, "Wanne? Na inji?" Ta yi shiru, sannan ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce ita ba ta tuna ba.

Yarinyar ba ruwanta, kuma zan yi mata, har na sayi zaren gaba ɗaya, na duba lambar tukunya a kowane dunƙule. Amma uwar ba ta sani ba tukuna. Ita na aika mata da kwarashi ɗaya da dunƙulen zare ɗaya a cikin ambulan, na ce ta fara guntu goma ta kawo in duba bayan. Yau kwana 12 ba ta kira ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, sai maganar makaranta.