Dala 650 da na binne a baje kolin bindigogi

Har yau in na buɗe aljihun gaban motata na ga 'yar tocilar nan ta dala 8, sai raina ya sosu. Da mako biyu kacal na riga sayenta, da dala 650 ɗina suna nan.

Shekarata shida a Houston, birnin da ke jihar Texas ta Amurka, lokacin. Kakana maharbi ne, da bindigar toka yake fita, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma ni ne mai riƙe masa gora ina yaro. Saboda haka da wani yayana ɗan Zariya, wanda ya riga ni zuwa Amurka da shekara ashirin, ya ce in shirya mu je farautar barewa in an buɗe a farkon Nuwamba, ban yi barci sosai ba daren nan. Na yi kwas ɗin da Texas ta wajabta wa duk maharbin da aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 zuwa yau, na yanki lasisin farauta. Saura bindiga. Yaya ya ce, "Ƙanena, ka shiga kanti ka ɗauki sabuwa a kwalinta, ka huta." Na ce to. A zuciyata kuwa cewa nake, mutumin da ya taso a rumfar kawunsa a Kantin Kwari ai ba a koya masa ciniki. Na ji ana baje kolin bindigogi a wani zaure ranar Asabar da Lahadi, na ce can ne arha take.

Tun daga bakin ƙofa aljihu ya fara zuba: dala 10 na ajiye mota, dala 15 na shiga. Ɗan sanda na zaune yana duba duk bindigar da aka shigo da ita, ya tabbatar babu harsashi, ya zarga mata ɗaurin roba don kada ta yi aiki. Ciki kuwa tebura ne jere har inda ido ya tsaya, amma kusan rabinsu ba bindiga ake sayarwa a kai ba. Wuƙaƙe, riguna masu rubutun siyasa, tsofaffin tsabobi, tocila, zuma, da irin kilishinsu mai taurin fata da ban san wa ya yanka ba, balle in taɓa.

Abin da ya fara sanyaya mini jiki shi ne farashi. Duk sabuwar bindigar da na ɗaga, in na duba waya sai in ga kantunan gari ma sun fi su sauƙi da dala 30 ko 50. Daga baya na gane dalili, kuma ba na ganin laifinsu: mutum ya yi hayar tebur, ya sha mai daga wani gari, ya kama otal kwana biyu, duk a kan kayan zai fanshe. In ka miƙa kati su ƙara kashi 3 cikin ɗari, ga harajin ciniki na kashi 8.25 da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a Houston. Ana tayawa, ba a hana ba, amma ba irin tamu ba da za a ce dubu goma ka ce uku. In ka rage dala 20 ka yi ƙoƙari.

Duk da haka na sami wata sabuwa mai cin harsashi .308 a teburin wani dila mai lasisi, muka daidaita a dala 520. Masu cewa a baje koli kowa ɗauka yake ya wuce ba su shiga ba. Dila mai lasisin tarayya, ko a kantinsa yake ko a kan tebur, sai ka cike masa fom 4473, ya tura sunanka ga tsarin binciken FBI da ake kira NICS, wanda ke aiki tun 1998. Na cike, na rubuta lambata ta katin zama, tunda fom ɗin yana tambayar wanda ba ɗan ƙasa ba. Amsa uku ce ake samu: a ba shi, a dakata, ko a hana. Tawa ta fito a dakata. Mutumin bai nuna mini komai ba, ya ce ya saba gani ga masu katin zama, saboda sai an tuntuɓi hukumar shige da fice, haka ma masu sunan da ya yi yawa. To ni kuwa sunana rabin masallacinmu na Juma'a ke amsa shi.

Doka ta ba jami'an FBI kwana uku na aiki su gama bincike. Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi, baje koli kuma Lahadi da yamma yake tashi, shi kuma dilan garinsa tafiyar awa biyar ce. Ya ce ko in bi shi can in amsa ta fito, ko ya aiko da ita wani kanti mai lasisi a Houston, in biya kuɗin aike da na miƙawa. Na lissafa, na ga ta zarce farashin kantin da ke bayan gidana. Na ce ya bari.

Ba zan ɓoye ba, raina a ɓace na bar teburin. Mutane na bayana sun ji an ce a dakata, sai nake ganin kamar kowa kallona yake. Cikin wannan hali na ci karo da mutumin.

Dattijo ne mai jar hula, yana yawo tsakanin tebura da bindiga rataye a kafaɗa, ya soke 'yar takarda a bakinta an rubuta na sayarwa. Irinsu suna da yawa a wurin. A dokar tarayya da ta Texas, mazaunin jihar da ba sana'arsa ba ce zai iya sayar wa wani mazaunin jihar bindigarsa ba tare da fom ko bincike ba, muddin ba shi da dalilin zaton an haramta wa mai sayen. Bindigar mai cin .30-06 ce, ƙotarta katakon goro irin nasu mai duhu, ta sha mai tana ƙyalli, ga madubin saiti a ɗaure a kai. Ya ce ta mahaifinsa ce, ya kashe barewa da ita ba adadi, shi kuma gwiwa ta hana shi shiga daji. Ya ce dala 800. Jinin Kwari ya motsa. Na taya 550, ya girgiza kai, na yi kamar zan tafi, ya kira ni, muka tsaya a 650. Ya kalli lasisin tuƙina na daƙiƙa biyu, na ƙirga masa kuɗi a hannu, ya miƙo. Ko sunansa ban tambaya ba.

Na shafa ƙota, na ja kunama na ji laushinta, na leƙa madubi na hango agogon bango tar. Abu ɗaya ne ban yi ba, kuma shi kaɗai ne ke da amfani: ban leƙa cikin bututun ba. Da na ce ya raka ni wurin masu tsaro a yanke ɗaurin roba, a zare makullin baya, in haska da tocila, minti biyar ya isa. Teburin da ke sayar da irin tocilar yana nan taku goma daga inda muka tsaya, har na wuce ta gabansa sau biyu. Ni da ba na sayen waya ta hannu a Farm Centre sai na gwada caji da lasifika da kyamara, na sayi bindiga saboda kyan katako.

Na dawo gida ina taƙama. Uwargida ta ce, "Ina rasit?" Na ce irin wannan cinikin ba a yin rasit. Ta ce, "To, Allah ya sa alheri," da irin muryar da duk mai aure ya sani. Ranar Talata dilan farko ya bugo waya ya ce amsa ta fito, an yarda a ba ni. Na yi masa godiya, na ce ai na samu wadda ta fi.

Asabar ta gaba muka je filin gwaji da Yaya. Muka kafa takarda a yadi 100. Na harba uku, ɗaya ne ya taɓa takardar, can a gefe. Na ce madubi ne bai daidaita ba. Muka matso yadi 50. Nan ma harsasai suka watse, wannan gabas wannan yamma, kuma biyu daga ramukan ba zagaye suke ba, dogaye ne kamar ramin makulli. Yaya ya tsaya ya daɗe yana kallonsu. Ya ce, "A kwance harsashinka yake isa. Ka leƙa cikinta kafin ka biya?" Na yi shiru. Bai ƙara cewa komai ba, ya tattara kaya, shirun nan kuwa ya fi mini zagi ciwo.

Mai gyaran bindiga ne ya nuna mini abin da na saya. Ya zura wata 'yar kyamara mai siririn wuya cikin bututun, hoton ya fito a allo. Cikin bututun bindigar farauta akwai layuka da aka sassaƙa a murɗe, su ke juya harsashi kamar katantanwa don ya tafi da tsininsa a gaba. Nawa layukan, daga tsakiya zuwa baki, tsatsa ta cinye su, sai ramuka birjik kamar titin da damina ta bi ta kai. Ya ce alama ce ta an daɗe ana harba tsofaffin harsasan soja, irin waɗanda ke barin gishiri a bututu, ba a wanke ba. Gishirin ya ja danshi, danshin Houston kuwa ba sai an ba kowa labari ba. An goge waje an shafa mai, ciki ya riga ya mutu. Madubin ma ya ce sabonsa bai kai dala 40 ba. Sauya bututu da aikinsa zai haura dala 500, wato kuɗin sabuwar bindiga sukutum. Na biya shi dala 45 ladan wannan albishir.

Ko dattijon ya sani? Na juya tambayar nan a raina dare da yawa. Wata rana in ce tsoho ne da ya gaji kaya bai taɓa dubawa ba. Wata rana in tuna yadda ya riƙa juya mini ita ta gefen ƙota, yana nuna mini zanen katako, bakin kuma takarda ta toshe shi. Ba ni da wurin kai ƙara ko ta wace fuska. Dila mai lasisi ko ba komai yana da suna da adireshi, sabuwar bindiga tana da garantin kamfani. Mai jar hula ba shi da ko ɗaya.

Sai daga baya wani tsoron da ya fi na kuɗi ya zo mini. Idan ta sata ce fa? Ni baƙo mai katin zama, a same ni da bindigar da ba ni da takarda ko guda da ke nuna inda na samo ta. Ashe ana rubuta takardar ciniki, kowa ya sa suna da lambar bindiga da hannu. Ashe ma wasu dilolin da ke wurin, in ka ba su 'yan daloli, za su shigar da cinikin cikin littafinsu a cike fom kamar yadda aka saba. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Da na nemi hakan, ko dai in sami takarda, ko in ga yadda fuskarsa za ta canza. Haushin an ce in dakata ne ya sa na ga rashin takarda kamar wata gata ce aka yi mini, alhali binciken nan da na ji haushinsa kwana uku kawai ya ɗauka.

Wani abokina ya ce in mayar da ita baje koli na gaba in rataya a kafaɗa, wani zai ɗauka. Na ce in ɓoye aibin kaya in ci kuɗin? Abin da aka yi mini ke nan. Mai gyaran ya saye ta dala 150 don sassan jikinta, ya shigar a littafinsa, ya ba ni takarda. Na tafi kantin bayan gidana na ɗauki sabuwa .308 a kwalinta, dala 480 kafin haraji. Nan ma aka ce a dakata, na koma gida na sha shayi, bayan kwana biyu suka kira na je na karɓa. Ranar buɗe farauta ta riga ta wuce ni da mako biyu.

Masu tambayata ko zuwa baje kolin yana da amfani, ina ce musu ya danganta da abin da ya kai ka. In so kake ka ɗaga bindiga iri talatin a yini ɗaya, ka ji wadda ta zauna maka a kafaɗa, ka ga wadda hannunka ya kai kunamarta ba miƙa, babu kantin da zai ba ka wannan, kuma dala 25 ba ta yi yawa ba. Masu tara tsofaffin bindigogin yaƙi, waɗanda suka san lamba da hatimin kowace masana'anta, su ma wurinsu ne, shi ya sa suke tururuwa zuwa babban na Tulsa a Oklahoma sau biyu a shekara. Amma sabon shiga mai neman arha, musamman irinmu da sunanmu kan tsaya a bincike, kanti kusa da gida ya fi masa. In kuwa ka nace sai ta hannu, tafi da wanda ya sani, ka san farashi tun daga gida, ka bar rabin kuɗinka a mota, kada ka biya sai ka ga haske ya ratsa bututun nan da idonka. Kuma don Allah 'yan uwa na gida masu cewa in sayo musu saboda 'yan bindiga su yi haƙuri. Saya wa wani da sunanka babban laifi ne a nan, fitar da ita ba izini wani laifin ne daban, ga kuma na Najeriya yana jira a tashar jirgi.

Na koma baje kolin bara, ni da Yaya. Akwatin ajiye harsashi na ƙarfe na saya, dala 12, shi kaɗai. Yaya ya ce tun da muka shiga ban kalli tebur ko ɗaya da kyau ba, kawunan mutane nake bi da ido. Na ƙirga jajayen huluna goma sha ɗaya ranar, tocilar tana aljihun rigata, babu nasa a ciki.