Takardar Inna a aljihuna, daga Kano zuwa Jidda

Daren da zan bar Kano, Inna ta kira ni ɗakinta ta miƙo mini wata takarda da ta yago daga littafin jikanta. Sunaye goma sha ɗaya ne da ajami, kowa da buƙatarsa: mai neman haihuwa, mai ciwon ƙafa, ƙanwata mai jiran sakamakon jarrabawa. Ta ce, "In ka ga Ka'aba ka fara da waɗannan kafin ka roƙa wa kanka." Ta san sarai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne zai kai ni Jidda, amma a wurinta Saudiyya duk Makka ce.

Jirgin da muka hau a filin Malam Aminu Kano kusan duk 'yan Umara ne. Da aka sanar mun doshi mikati, sai jirgi ya ɗauki "Labbaika", maza fari fat cikin harami, ni kuwa ga ni da wandon jins da bizar aiki. Dattijon da ke kusa da ni ya dube ni ya ce, "Yaro, kai ba ka ɗaura ba?" Na ce, "Aiki za ni, Baba." Ya yi shiru, can ya ce Allah ya sa albarka, da irin muryar da ake yi wa mara lafiya sannu.

Bayan awa huɗu da wani abu muka sauka a filin jirgin Sarki Abdul'aziz, na matsar da agogona gaba da awa biyu. Aka ɗauki hoton yatsuna da na fuskata, aka buga hatimi. Ina fitowa waje tabarauna ya yi hazo. Zafin Kano busasshe ne, ka samu inuwa ka tsira. Na Jidda kuwa tururin Bahar Maliya ne, kamar an rufa maka jiƙaƙƙen bargo da tsakar dare. Awa uku na yi zaune a kan akwatina kafin direban kamfani ya zo, bai ce da ni komai ba sai "yalla", wato mu tafi.

Ejan ɗin da ya yi mini hanya ya ce mutum biyu ne a ɗaki. Na tarar da gado shida, wani kan wani, 'yan Bangaladash da 'yan Indiya na ta minshari. Ina waya ƙasa-ƙasa ina shaida wa gida na sauka lafiya, sai na ji daga gadon sama an ce, "Sannu da hanya, ɗan'uwa." Saura kaɗan wayar ta suɓuce mini. Ɗan Sudan ne daga Mai Wurno, garin da ke bakin Shuɗin Kogin Nilu, inda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka yada zango bayan yaƙin Burmi na 1903. Bai taɓa taka Najeriya ba. Hausarsa ta sha Larabci, tana kuma ɗauke da wasu kalmomin da rabona da jin su tun kakata na da rai.

Shi ya karanta mini ƙasar. Kalma biyu ya ce in riƙe: kafili da iƙama. Kafili shi ne wanda zamanka ke wuyansa, iƙama kuwa katin zama ne. Washegari wakilin kamfani ya karɓi fasfona don a yi mini katin, aka kai ni gwajin jini da hoton ƙirji, sai jira. Kullum na tambaya, amsa ɗaya ce: "Bukura insha Allah," wato gobe in Allah ya so. Na ce wa abokina ni fa zan lallaɓa Makka, kilomita tamanin ma ba ta cika ba. Ya ce in kuskura. Akwai shingen bincike a Shumaisi, kuma nan ne gidan da ake tsare waɗanda za a yi wa tarhil, wato a mayar da su ƙasarsu. Jin haka na kama kaina.

Aiki dai aiki ne, a kan rufin gidaje muke wuni. Sauƙinta ɗaya, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki cikin rana daga sha biyu zuwa uku. Da safe ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis, da dare shinkafa. Na nemi Karantina, unguwar da kawuna ke ba mu labarin Hausawanta, aka nuna mini fili fetal. Rusau ɗin 2021 zuwa 2022 ya cinye ta.

Duk Juma'a Inna sai ta kira: "Ka je?" In ce tukuna. Ta kasa gane yadda mutum zai kwana kusa da Ɗakin Allah har mako uku bai leƙa ba, ni ma na gaji da bayani.

Ran kwana na ashirin da shida katin ya fito. Juma'ar nan na ɗaura harami a ɗakinmu, ɗan Mai Wurno ya raka ni, muka shiga motar haya. Abin da na ji da na hango Ka'aba ba zan iya rubuta shi ba. Na zaro takardar Inna, wadda ta sha gumin rufin gidajen Jidda har ta yi laushi, na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Na bakwai tawadarsa ta narke, ba a ganin komai sai wani wawi a ƙarshe. Na ce, Allah ka san mai shi da buƙatarsa.

Da yamma muka bi ta Shara Mansur, inda Hausa ke tashi ta ko'ina, muka sayi siriya, wato tsirenmu ne dai da ƙuli-ƙulinsa, Larabawa suka lanƙwasa sunan. Ina ci na kira Inna na ce saƙo ya isa, sai dai na bakwai ya goge, wane ne? Ta yi ta lissafi, ta kasa tunawa. Can ta ce, "Bari in tambayi Gwaggonka. In na gano sai ka koma Juma'a mai zuwa, ai ba nisa."